Ƙyallen Zumurrud

Baƙin da suka fi gajiyar da ni su ne waɗanda suka fara yin kwanaki a Beirut suna zagayen nunin zane-zane kafin su hauro mana nan kwarin Bika'a. Idonsu ya riga ya lalace. Su ga tsohuwar taya jingine da bango, su tsaya su karkace kai. Su ga tsatsa a ƙofar rumbu, su ɗauki hoto. Ni dai nawa in jera kofuna, in zuba musu giyar inabinmu kala-kala, in faɗi abin da na saba faɗa, su kurɓa su lumshe ido, su sayi kwalba biyu su kama hanya.

Madam Birte irinsu ce. Daga Denmark suka zo ita da mijinta Aksel, wani dogon mutum da har suka tafi ban ji muryarsa sosai ba. Shafik ne ya kawo su, direban nan na Zahla da ke ɗauko mana baƙi, mai baki kamar rediyo. Ana saura 'yan kwanaki a fara tsinkar inabi, kowa a gidan yana da abin yi, ni kuma ina tsaye ina sauraron labarin wani ɗaki da ta shiga a Beirut, wanda babu komai a cikinsa sai kujera ɗaya rataye a silin. Ta ce har kuka ta yi. Na ce Allah sarki, na ƙara mata jar giya a kofi.

Da aka gama ɗanɗano ta nemi makewayi. Na nuna mata hanyar tsakar gida, ta ƙarƙashin rumfar inabi, inda baƙi ba su cika bi ba. A nan Baba ya shanya ƙyallen.

Ƙyallen na mahaifiyata ne, Zumurrud. Zanen gadon aurenta ne ta raba biyu, ta kalmashe bakinsa da hannu, tun kafin a haife ni. Da shi ake tace giyar gida. Ba wadda muke sayarwa ba, wannan tana can cikin tankunan ƙarfe da yayana Sarkis ya sa aka kafa, shi da ke Kanada yana mana shugabanci ta waya. Ta gida randa biyu ce kawai a ɗakin ƙasa, ɗaya tamu ta Ista da baftisma, ɗaya ta coci. Kowace kaka sai ruwan inabi ya bi ta cikin ƙyallen nan, ya bar masa abin da zai bari, har ya zama ba ka iya cewa ga kalarsa. Tsakiyarsa baƙi-baƙi, sai shunayya, sai ja, sai ruwan ƙasa a gefe, ga faci nan da can inda ya ɓule ta ɗinke. Tun da ta rasu Baba ke wanke shi da kansa. Yana cewa ɗanɗanon giyar a cikin ƙyallen yake. Injiniyan da Sarkis ya ɗauko ya ce babu ruwan ƙyalle da ɗanɗano, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ce. Baba dai bai tambaye shi ba.

Da na ji shiru ba ta dawo ba, na bi sahu. Na same ta tsaye gaban igiya kamar an dasa ta, kai a karkace. Baba yana zaune kan kujerarsa da kofin gahawa yana kallonta. Ta kira mijinta, Shafik ya biyo shi ba a gayyace shi ba. Ta fara magana da Turanci, tana nuna tsakiyar ƙyallen, tana nuna facin, tana zagaye iska da hannu.

"Me take cewa, Nuhad?" in ji Baba.

"Wai ƙyallen yana da kyau."

"Duk wannan dogon bayanin?"

"Wai ya fi duk abin da ta gani a Beirut."

Baba ya ji daɗi, na ga haka a fuskarsa. Ya ajiye kofi, ya dafa ƙirji, ya ce, "Nata ne."

Abin da kowa zai ce ke nan. Ka yaba rigata in ce taka ce, ka ce a jikin mai ita ta fi kyau, shi ke nan a wuce wurin. Na sha fassara wannan maganar ga baƙi, kullum cewa nake "yana godiya." Ina buɗe baki ke nan Shafik ya riga ni. Ya faɗa mata kalma da kalma, har da ƙarin cewa kyauta ce daga zuciya.

Ta rufe baki da hannu. Ta tambaya ko da gaske yake.

"Wai da gaske kake, Abu Sarkis?" in ji Shafik.

To me mutum zai ce? Baba ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Ni yaro ne?"

Shi da kansa ya tashi ya cire ƙyallen daga igiya. Ya ninke shi yadda Mama ke ninkewa, ya naɗe a takarda, ya sa na ɗauko kwalba ɗaya ya haɗa mata. Ta rungume shi, ta sumbace shi a kunci, ta yi hawaye karo na biyu a wannan makon. Aksel ya ɗauki hoto.

Na tare Shafik a bakin mota. "Allah ya ƙona harshen nan naka," na ce.

"Ni na ce masa ya bayar? Fassara na yi."

"Wa ya sa ka?"

"Yo ba ga shi ta ji daɗi ba? Tsumma ne fa, Nuhad. Zan kawo masa sabo daga kasuwa, fari fat."

Na juya na koma ciki.

Da yamma Baba ya sauka ɗakin ƙasa ya wanke randunan kamar yadda ya saba. Ya hauro ya tsaya a gaban igiya, ya gyara ta duk da babu abin da ya same ta.

"Baba, bari in kira ta a waya," na ce. "Magana biyu ce kawai."

"Ki ce mata me? Ni Milhim na yi kyauta da safe, da yamma na aika 'yata ta karɓo?"

"Ba ta san yadda ake yi ba ne."

"Ni na sani."

Na tafi na bar shi a gaban igiya. Washegari ina kirga kofuna ya leƙo, yana kallon wani wuri can bayan kaina. Ya tambaya ko ba ni da kayan da zan kai Beirut. Na ce akwai kwali biyu na wani gidan abinci, amma ba sauri ake ba.

"Ki kai yau," ya ce. "In kin gamu da matar nan ki gaishe ta. Ki ce mata ƙyallen da ta samu yana da kyau ƙwarai."

Na gane abin da yake nufi. In na yaba, za ta ce nawa ne, ni kuwa ba zan ce a hannun mai shi ya fi kyau ba. Zan karɓa in yi godiya in taho. Babu wanda ya roƙi wani, babu wanda ya janye maganarsa. A lokacin ni ma na ga dabarar ta yi.

Da ma ta bar mini lambarta. Ina kira ta hau murna, ta ce in zo mu zaga tare, akwai wurare uku da take son gani kafin jirginsu na ranar Lahadi. Haka na wuni ina bin ta. Mun shiga wata tsohuwar masaƙa da aka mayar gidan nuni, an zuba tulin gishiri a tsakar ɗaki, an zagaye shi da igiya kada a taka. Mun shiga wani ɗaki mai duhu inda ake nuna fim ɗin wani mutum yana ninke riga, ya warware, ya sake ninkewa. Mutane suna zaune tsit suna kallo. A wuri na uku ana zagayawa da tire ana ba baƙi giyar maƙwabtanmu, waɗanda Baba ke cewa ruwan wanke ganga suke sayarwa. Na karɓa na sha, ba laifi.

A bayan wannan gidan ne mai yin firam ɗin hotuna yake, kuma can ta kai ƙyallen. Na same shi shimfiɗe a kan wani faffaɗan tebur, an haska shi da fitila, mutumin yana taɓa shi da farar safar hannu. Ƙyallen da nake gani ana matsewa a kan randa har ruwa na bin gwiwar hannu. Gaskiya ya yi kyau a wurin, ba zan ɓoye ba.

Na gyara murya na fara. Na ce ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Ta ce ai kuwa, ita ma haka. Na ce dubi wannan shunayyar, ina ma a ce ina da irinsa. Ta kama hannuna ta matse, ta ce ta san zan fahimta. Na ce duk wanda ya mallaki wannan ya more. Ta ce ta san ta yi sa'a. Na koma kan facin, na yabe su ɗaya bayan ɗaya har yawuna ya ƙafe. Ita kuwa sai ƙara haske take, tana gaya mini bangon da za ta rataye shi a falonta, kusa da babbar taga.

Mai gidan nunin tana jingine da ƙofa tana shan taba, wata Madam Rima, mai gajeren gashi duk furfura. Da Birte ta juya tana zaɓen katako, ta matso kusa da ni ta yi magana da Larabci ƙasa-ƙasa.

"Wa ya yi suɓul da baka?"

"Babana."

"Shi ne ya turo ki yabo."

"Eh."

"Ko kwana za ki yi kina yi, godiya za ta yi ta miki. Na tsufa a cikin mutanen nan. Abin da kika faɗa shi suke ji, ba sa leƙa bayansa." Ta busa hayaƙi gefe. "Ki faɗa mata kai tsaye, kuma yau. Gobe mai firam zai fesa masa maganin da ke sa yadi ya sandare, ya ɗaure shi a katako da ƙusa. Daga nan ko ruwan famfo ba zai tace ba."

A bakin titi na faɗa mata, muna jiran Shafik, da ke kai su yawo, ya juyo da mota. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce ba a karɓar irin wannan kyautar, cewa kawai ake yi. Na ce na mahaifiyata ne, kuma jibi ake fara tsinka, randuna suna can a wanke suna jira.

Fuskarta ta yi ja har wuya. Ta ce, "To me ya sa zai faɗi abin da ba ya nufi?"

"Yana nufin wani abu. Yana nufin kina da ido."

"Ai na tambaye shi ko da gaske yake."

"Shi ya sa ya ce eh."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare. Amma mutuniyar kirki ce, wannan ba zan hana ta ba. Ta koma ciki da sauri ta fito da ƙyallen a naɗe, ta ce gobe da safe za ta kai masa da hannunta. Na ce ta ba ni kawai. Sai na tuna in ni na shiga da shi, Baba zai gani a fuskata roƙo na yi, kuma ba zai sake taɓa shi ba. Don haka na ce ta kawo ɗin, amma ta saurare ni da kyau. Zai ƙi. Kada ta ji abin da zai ce. Ta nace, ta yi ta nacewa har sai ya karɓa. Ta ce ta gane. Na maimaita, ta sake cewa ta gane.

Da na koma gida na ce wa Baba mai yiwuwa baƙin nan su biyo gobe su yi sallama. Bai tambaye ni komai ba. Da safe na gan shi cikin farar rigarsa ta zuwa coci, ya yi aski, ya sa an fito da kujeru ƙarƙashin rumfa. Abin da ban lissafa da shi ba shi ne Abuna Butrus, limamin cocinmu, wanda ya saba biyowa jajibirin tsinka ya sa wa gona albarka ya sha gahawa. Yana nan zaune lokacin da motar Shafik ta tsaya, kuma Abuna ya yi shekaru a Ostiraliya, Turanci a bakinsa kamar ruwa.

Aka gaisa, aka zuba gahawa. Na harari Shafik, ya ɗaga hannu biyu ya koma jikin motarsa. Birte ta tashi, ta miƙa wa Baba ƙunshin da hannu biyu, ta ce ta yi tunani, wannan abu a gidan nan ya kamata ya zauna. Na fassara.

Baba ya girgiza kai. "Abin da ya fita daga gidan nan da sunan kyauta ba ya dawowa."

Ta sake miƙawa. Ta ce na matarsa ne, aikin hannunta ne, ba za ta iya raba shi da shi ba.

"Da tana raye, ita ma ba ki za ta yi," in ji Baba. Ya sa bayan hannu ya ture ƙunshin a hankali, amma na ga yatsunsa sun ɗan tsaya a kan takardar.

Har nan komai yana tafiya daidai. Abuna ma gyaɗa kai yake yana hura gahawarsa. Sai ta yi abin da ban koya mata ba. Ta durƙusa a gaban kujerarsa har idonta ya zo daidai da nasa, ta ce ita ba ta son wasa da zuciyar mutum, ya gaya mata gaskiya tsakaninsa da Allah, yana son ƙyallen ko ba ya so. Ta juyo ta ce in fassara yadda ta faɗa. Abuna yana zaune yana ji. Na fassara yadda ta faɗa.

A gaban limaminsa, a gaban direba, a gaban 'yarsa. Baba ya dube ta ido cikin ido ya ce, "Ba na so."

Ta miƙe. Ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da ake yi wa wanda ya sa ka doguwar tafiya a banza. Ta jawo ƙunshin ta rungume a ƙirji.

"Ki sake miƙa masa," na ce da Turanci.

"Nuhad, na tambaye shi ina kallon idonsa. Ba yaro ba ne. Ba zan tilasta wa dattijo abin da ya ce ba ya so ba."

"Sau ɗaya kawai."

"Kin ji shi da kunnenki."

Na juya wurin Baba na ce da Larabci, "Ta ce don Allah ka karɓa."

Bai dube ni ba, hannuwanta yake kallo. "Bakinki ne ya ce," in ji shi.

Abuna ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Ya san in ya sa baki ya zama roƙo, kuma ya san Baba. Na ji tausayin Baba har ya koma mini haushi, na rasa wa zan fi jin haushi a cikinsu.

Baba ya raka su har mota, abin da ba ya yi wa baƙi. Da ta shiga ta zauna da ƙunshin a cinya, ya dafa tagar ya ce in gaya mata da ruwan sanyi ake wanke shi. Na gaya mata. Ya ce ban da sabulu. Ya ce ba a murɗe shi, matsewa ake yi da tafin hannu. Shafik ya tayar da mota, Baba bai ɗauke hannunsa ba. Ya ce facin gefen hagu ya fara saki, in za a ɗinke da zaren auduga za a yi. Ya kalli ƙunshin a cinyarta, sannan ya ce a ninke shi ta tsawo, ba ta faɗi ba. Birte tana gyaɗa kai da gaske, tana maimaita wa Aksel don kada su manta. Ta ce in gaya masa za ta kula da shi kamar ranta.

"Ki tambaye ta," in ji Baba, "ɗakin da za ta sa shi, rana tana shiga?"

Na tambaya. Ta ce ƙwarai kuwa, ɗaki ne mai haske, taga tun daga ƙasa har sama.

"Zumurrud ba ta taɓa shanya shi a rana ba," ya ce.

Na fassara. Ta ce za ta sa labule. Baba ya ƙara tsayawa kaɗan. Da ya ga babu sauran abin da zai faɗa, ya ɗauke hannunsa, ya ce Allah ya kai su lafiya.

Motar ta gangara ta tsakanin gonaki. Muna tsaye har ta sha kwana a wajen coci.

"Sau nawa ta miƙo?" ya ce.

"Biyu, Baba."

"Haka na gani." Ya shafa haɓarsa inda ya yi aski. "Saura ɗaya fa. A na uku ake karɓa."

Ya koma ƙarƙashin rumfa, ya wuce Abuna, ya kwance igiyar daga ƙusarta yana naɗewa a hannu. Da ya gama ya miƙo mini ita, ya ce in na sauka ɗakin ƙasa in kife randunan kada ƙura ta shiga.